A Dama

Isa, 4 ga Safar

Zuwa ga yayana Kamaluddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Maraɗi, ya kasuwa, ya Binta da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da Inna.

Wata biyu ke nan da muka baro Tsamaye muka dawo gidan Kawu a Isa, tun da zaman ƙauye ya gagara. Tun ranar Inna ba ta ci abin kirki ba. Likita ya duba bai ga ciwo ba, ita kuwa sai rama take yi. Ni kam tsoro ya kama ni, Yaya.

Ka tuna talabijin ɗin marigayi Baba da muke haɗa wa batirin mota? Ba ta kama Sakkwato, sai tashar Nijar, ita ma sai ka hau katanga ka murɗa gorar eriya muna yi maka ihu daga ɗaki. Bayan azahar ake nuna tsohon nan mai doguwar hula da raƙuminsa na tsumma mai sace masa goro. Rabin maganarsa Faransanci ce, ba ma ji, amma mu yi ta dariya har da faɗuwa. In zai rufe shirin sai ya ɗaga hannu ya ce, "A dama!" Mu kuwa sai mu kwasa a guje wurin Inna, wai mai raƙumi ya ce a dama fura. Kullum sai ta yi mitar cewa mutumin nan bai taɓa aiko mata ko ludayin nono ba, amma ta jawo ƙwarya. Kai ke shanye rabi, kada ka musa.

To jiya tana zaune ta yi tagumi, ban san lokacin da na ɗaga hannu na ce mata a dama ba. Wallahi sai ta yi dariya, karo na farko tun zuwanmu. Sannan ta ce wa za a dama wa, mai murɗa gora ba ya nan.

Na san abin da ke tsakaninku. Ka ce ta bi ka Maraɗi ta ƙi, ka yi fushi ka ce ba ka sake zuwa sai ta bar ƙauyen. Shekara uku ke nan. To ga shi ta bari, ba da son ranta ba. Ba za ni ce wane ne da gaskiya ba. Na dai san kewarka ce ta hana ta ci.

Ka gaida Binta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Maraɗi, 9 ga Safar

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da mutanen gida. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya.

Wasiƙarki ta same ni a shago. Sai da na shiga bayan buhuna don kada masu saye su ga idona.

Za ni gaya maki abin da na ɓoye don kunya. Makon da na fara zama nan, maƙwabcina ya kulle shagonsa ya ɗaga mini hannu ya ce a dama. Na gyara zama ina jiran fura, har kasuwa ta watse. Washegari na yi masa ƙorafi, ya yi dariya har da hawaye. Ashe Faransanci ne, ma'anarsa "sai gobe". Shekara da shekaru tsohon nan sallama yake yi mana, mu kuwa muna sa Inna aiki!

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Inna a Madarumfa ta nan Nijar ta tashi. Ba yadda za a yi a ce ba ta sani ba. Ta sani sarai, ta yi shiru, kullum ta dama mana. Wannan ce na yi shekara uku ina fushi da ita. Na ji kunyar kaina.

Amiru direba zai kawo maki wannan wasiƙa ran Laraba, ni kuma ina tafe Alhamis in Allah ya so. Ki nemi nono mai kyau. Ki ce wa Inna mai murɗa gora ya ce a dama. Duka ma'anonin biyu nake nufi.

Yayanki,
Kamaluddeen