Garin Maɗacin da Inna Ta Binne

Zuwa ga Yaya Aisatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Abdussalam da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a can Shagamu. Mu nan Gummi sai godiya. Zulai ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yarmu Rufaida kuwa ta fara tafiya, duk abin da ta tsinta sai baki. Inna lafiyarta ƙalau, ƙarfin ma har ya yi yawa, kamar yadda za ki ji yanzu.

Kin tuna tsohon maɗacin nan na gonar marigayi Baba a Yargalma, wanda iska ta kayar? Na je na sa aka tsaga shi, na kawo katakon shagona, na yi wa Inna ƙofar ɗaki da shi. Tunda ta baro garin ba ta ɗauko komai ba sai tukwane, na ga ya kamata ta sami wani abu na gida da za ta riƙa taɓawa kullum. Ba yabon kai ba, tunda na fara kafinta ban yi ƙofa irinta ba. Ja ce mai duhu kamar hanta, duk wanda ya shigo sai ya shafa.

To, ke ba kafinta ba ce, bari in yi miki bayani, don na gaji da yi wa mutanen gidan nan. Katako yana ci gaba da bushewa ko bayan an gama aiki, wata rana sai ya tsage. Maganinsa a kwaɓa garin katakon da farin gam, a cusa a tsagar, in ya bushe a goge. Amma sai garin icen da aka yi aikin da shi, in ba haka ba launi ya bambanta, tabo ya zauna har abada. Shi ya sa nake tara garin kowane ice daban, na maɗaci daban, na ƙirya daban, na malaina daban. Ba dusar zarto da masu kaji ke kwasa ba, mai laushin nan da ke zubowa in ana guga. In tankaɗe shi da rariya, in shanya, in rufe a gwangwanin madara. Na maɗacin Baba gwangwani guda ya cika, kuma babu wani a duniya.

Shagon yana bakin fadama, danshi na sa garin ya dunƙule ya yi fumfuna, don haka na kawo gwangwanayen gida na jera a saman katangar zaure, inda ko ni sai na yi ɗage. Da zafin bana ya tsananta, sai ƙofar Inna ta tsage daga wajen ƙullin icen, yatsa na shiga. Ko a jikina, tunda magani na ajiye. Na miƙa hannu saman katanga, Yaya, wayam! Ko murfi babu.

Na tambayi Zulai, ta ce in tambayi Inna, ta shige kicin abinta. Inna kuwa ko kunyar idona ba ta ji ba. Ta ce ita ta kwashe, ta zuba a buhu, ta sa Tsoho mai jaki ya kai ta bayan gari, suka haƙa rami, ta shimfiɗa leda, ta binne. Na ce a ina? Ta ce ba za ta faɗa ba. Na je wajen Tsoho, ya ce ta sa shi ya rantse, kuma shi tsoron Inna yake ji fiye da tsorona. Ban ga laifinsa ba.

Ranar na yi surutu har maƙwabta suka leƙo. Na ce mata garin ice ne, icen da ta sha inuwarsa, icen da take jiƙa mana ɓawonsa in ciki ya ɓaci. Don in nuna mata ba ya komai, na goge gefen ƙofar, na lashi ƙurar a gabanta. Na manta sunansa maɗaci ba banza ba. Na kama tari, ido ya kawo ruwa, sai ga Inna ta saka salati, ta ɗauko nono ta ɗura mini kamar jariri, Zulai na dariya a bayan randa. Tun daga nan ba na shiga gida sai na kakkaɓe riga a waje na wanke hannu da ƙafa, ni da gemuna, a gidan da na gina.

Da na huce na sake lallaɓa ta, na ce Inna, wannan fa gari ne kawai. Sai ta ce wancan ma ai cewa aka yi ƙasa ce kawai. Ta ce da idonta ta ga ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙura na sauka a kan tabarmi da kwanon abinci, ba wanda ya ce uffan sai da yara suka fara jijjiga. Ta ce likitocin da suka zo kankare ƙasar gidaje suka yi, suka kai bayan gari suka binne, ita ma abin da ta gani ta yi. Ta ce muddin Rufaida na yawo a tsakar gidan nan, ba ƙurar da za ta kwana a gwangwani. Ba ta ambaci sunan Mujahid ba, ni ma ban ambata ba. Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya sa mai ceto ne.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu haushi nake ji. Na san gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen nan daban, garin katako daban. Ga damina ta ƙarato, ƙofar kuma gabas take kallo. In ruwa ya shiga tsagar nan, zai bi ta har ƙasa, ƙofar ta rabe biyu. Na nemi garin maɗaci a wajen kafintocin Gummi, na aika har Anka da Bukkuyum, duk na ƙananan itatuwa ne, fari-fari, kusa da na Baba kamar an shafa alli. Shekaranjiya kuma na tarar Inna ta yage bakin tsohon zanenta ja ta cusa a tsagar, wai ta gama mini aikin, in huta. Tsumma, Yaya! Abin da zai sha ruwa ya gayyato gara.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma na daɗe ina juya shi kafin in ɗauki biro. Akwai 'yar kujerar nan da Baba ya sassaƙa miki daga reshen maɗacin lokacin aurenki. Ita kaɗai ta rage daga icen, banda ƙofar da Inna ba za ta bari in ƙara gogewa ba. Na san ita Mujahid ke dafawa lokacin da yake koyon tsayuwa, na kuma san ba ki barin kowa ya zauna a kanta. In za ki iya, ki kai wa kafinta ya kife ta, ya goge cikinta a kan takarda, cikin tafin hannu biyu ya isa. Ki ƙulle a leda ki ba Uba direban motar goro, ki ja masa kunne ya kai shago, kada ya kuskura ya doshi gida. In kuma ba za ki iya ba, wallahi ba zan ji komai ba, sai in cusa farin garin nan, tabon ya zauna.

Ki gaishe da Malam Abdussalam, da Shamsiyya, da Ridwan. Zulai na gaishe ki, Rufaida ta dangwala miki yatsa a gefen takardar nan. Inna ba ta san abin da na rubuta ba, ta dai ce in gaishe ki da kyau, in kuma tambaya ko yaran na wanke hannu kafin su ci abinci.

In kin kai kujerar, ki tsaya a kansa har ya gama. Ta ƙasa kawai zai goge, kada ya taɓa saman, inda hannun yaron ya dafa.

Ƙaninki,
Labbo Kafinta