Wanda Zai Shiga Wurin Likita da Auta

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan. Hankalina garau, jiki ne kawai ya gaji. In rubutun ya karkace ku yi haƙuri, da furfura na koye shi.

1. Gida da abin da ke ciki a raba yadda addini ya ce. Ɗakina dai ina roƙon a bar wa Auta in ta zo. Ya fi iska, ga maganinta yana sa ta zufa.

2. Maganarta ce ta fi tsaya mini a rai. Tun da aka cire mata nono saboda ciwon daji, gashinta ya dawo, kuka ce an gama. Likita bai ce haka ba. Cewa ya yi ta ci gaba da zuwa ana dubawa, ana ɗaukar hoton ɗayan, ƙwayarta kuma kada ta tsallake.

3. Kada ta shiga ita kaɗai. A sauke ta bakin asibiti a zauna cikin mota ba rakiya ba ce; Babban Yaya, da kai nake. Kun san halinta. Likita zai tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ta yi masa sannu da aiki, ta miƙe. Ranar da hannunta ya kumbura har zobe ya ƙi fita, haka ta ce, ta ja mayafi ta rufe. Ni na yaye mayafin. Har muka iso gida ba ta kula ni ba, amma an tari abin da wuri.

4. Kujerar da nake zama gefen likita na bar wa yayarta Rediyo. 'Yata, na sha yi miki faɗa bakinki ba ya riƙe magana, yau shi nake nema. Ciwon baya, tari, har wanda ta ce kada ki faɗa, ki faɗa. Ki tuna musu ba a yi mata allura a hannun gefen da aka yi mata aiki.

5. Babban Yaya da mijin Auta, gabar nan ta isa. Shi yana son haihuwa, ba laifi ya yi ba; kai tsoro kake ji, ni ma haka. Ciki ba ya tafiya da ƙwayar nan, don haka Auta da mijinta su je su tambayi likita tare. Abin da nake gudu, ta ajiye ƙwaya a ɓoye don ta faranta wa wani.

Auta, za ki ji haushin yayarki kamar yadda kika ji nawa. Ki ji, amma ki tafi da ita.

Na yafe muku duka. Ku riƙe juna, kada a ji kanku. Allah Ya yi muku albarka, Ya bar muku ƙanwarku.