Injin Markaɗen da Kwamiti Ya Rufe wa Baki

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallaci da Gyaran Tarbiyya na unguwarmu, a nan Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Malam Habu, malamin firamare, mai gidan da ke bayan masallaci, wanda kuka yanka wa lokacin tayar da injin markaɗe. Na zo gidanka aka ce kana hutawa. Na tare ka bayan sallah ka ce a bari sai zama na gaba, zaman kuma ya ƙi zuwa. Shi ya sa na rubuta wannan a fili kowa ya karanta, don abin ya ishe ni.

Na farko, ina so ka san daga inda injin nan ya fito, don na ji ana cewa Malam Habu ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Albashina ba ya ganin tsakiyar wata. Ga yara, ga tsohuwata da ba ta rabo da magani, ga hatsi kullum sai hawa yake. Matata Hajara ta gaji gona wajen mahaifinta a Zango. Muka zauna muka yi shawara, ta yarda aka sayar, aka sayo injin aka kafa a zaure. Daga nan muka fara shan iska. Miya ta ga nama, na daina sauya hanya idan na hango mai kanti. Ƙasar ubanta ce ke ƙara a zauren nan, ba kuɗin da suka yi mini yawa ba.

Na biyu, kada wani ya juya maganata ya ce ina ja da Shari'a. Da ni aka yi kabbara lokacin da ta zo. Da kuka ce a kashe inji idan an kira sallah, ban yi musu ba. Ko wake na tsakiyar zuba, ladan na ɗaga murya nake kashewa in ɗauki buta, kai ma shaida ne don sahunmu ɗaya. Amma sabuwar dokar da kuka kafa ta ce kada injin ya tashi sai daga hantsi zuwa kafin azahar, wai ƙararsa na hana wuridin bayan asuba da karatun bayan la'asar.

Ranka ya daɗe, wa ke markaɗe da hantsi? Mai ƙosai ta jiƙa wakenta tun jiya, da sassafe take so a niƙa, don kafin hantsi ta sayar ta wanke kasko. Mai koko haka. Kayan miya kuwa kowa ya san sai maigida ya dawo daga kasuwa da cefane bayan la'asar kafin a aiko da tattasai da tumatir. Kun ɗauki lokutan da unguwa ke buƙatar inji kun hana, kun ba ni lokacin da ba kowa sai kaji a ƙofar zaure. Abin da ya fi ba ni haushi, a wannan lokacin da kuka yi mini kyautarsa ina cikin aji da alli a hannu. Ko so kuke in bar 'ya'yanku su koyar da kansu in zo in yi gadin inji? Hajara kuma ba za ta fito zaure ta zauna ba, ku ne ma za ku fara magana idan ta fito. Kun zauna ku dattawa zalla kuka yanke hukunci a kan tukunya, ba wanda ya leƙa cikin gida ya tambayi masu girki.

Na uku, kuma a yi mini afuwa, dokar nan kunne ɗaya gare ta. Janaretan mai sayar da ruwan sanyi jingine yake da katangar masallaci, yana ruri daga safe har magariba, hayaƙinsa har sahun baya. Ban taɓa jin ya hana kowa wuridi ba. Ban ce don mai shi ɗan kwamiti ne ba, amma jama'a suna faɗa, ni kuma ban iya toshe musu baki ba.

Akwai wani abin da zan so ka bincika da kanka. Tun da aka kafa dokar, kullum bayan la'asar kwanukan markaɗen unguwar nan ta ƙofata suke wucewa zuwa injin unguwar gaba. Ina zaune ina kallo, har da farar robar gidanka mai jan murfi, na san ta don na sha wanke ta. Ban ce kana sane ba. Mu maza nawa ne muka san inda ake niƙa mana miya? Amma tuwon da kake ci da dare, a lokacin da ka haramta mini aka niƙa kayan miyarsa, kuɗin kuma ya tafi aljihun wani.

Na huɗu, halin da muke ciki. Injin yana nan lulluɓe da buhu. Mun koma miyar kuka ba mai, na fara raba wa tsohuwa ƙwayar maganinta biyu don ta kai ƙarshen wata. Hajara tana ta hidimar gida kamar kullum, wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Kwanan baya yayanta ya zo daga Zango, cikin hira ya ce wanda ya sayi gonar ya zuba gyaɗa, ta yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Ta ce Allah ya sanya albarka, ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne. A bar ni in tayar da injin da zarar gari ya yi haske masu wuridi sun shafa, in yi aiki kafin in tafi makaranta. Da yamma a ba ni daga tashin karatu zuwa kiran magariba. Ni kuma na ɗauki alkawarin toshe tagar da ke kallon masallaci, in kai bututun hayaƙin bayan gida da kuɗina. Idan har yanzu kuna shakka, kowane ɗan kwamiti ya tambayi iyalinsa yau lokacin da take buƙatar markaɗe, abin da suka faɗa na yarda da shi.

Ina roƙo a duba maganar kafin Juma'a mai zuwa. Wani dillali daga Mashi ya zo ya taya injin, kuɗin da ko rabin gonar ba za su dawo da shi ba, kuma ranar zai dawo da mota. Ban faɗa wa Hajara ba tukuna. Idan kwamiti ya tsaya a kan bakansa, to ina neman alfarma ɗaya: wani daga cikinku ya yi sallama ya tsaya daga bakin zaure ya faɗa mata da kansa, don ni bakina ba zai iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin maƙwabta, ya sa kada iyalinka su taɓa kwana da tunanin abin da za a ɗora gobe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Habu, na bayan masallaci.