Taku Biyu Gaban Layi

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, shugaban makarantar da ka yi wa gadi shekara ashirin da shida zai ajiye aiki ranar Asabar, kuma shagonmu aka ba ɗaukar hoton bankwana. Maigidana mai shagon ni ya zaɓa. Kai ka ce ka yafe, ni kam ban yafe ba. Har yau ina tuna ranar sallamarka: ka saka sabuwar riga ka shiga layi, mutumin nan ya ɗaga maka hannu a gaban ɗalibai, wai ka matsa kana ɓata hoto. Ka matsa kana murmushi. Murmushin nan ne ya fi ƙona mini rai.

Ka sa ni a addu'a, ko da yake da ka san abin da ke raina da ba ka yi ba.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da kyau, ina fata kowa lafiya.

An yi an gama. Maigidana ya ba ni sabon gilashin kyamara mai tsada. Idan aka buɗe bakinsa sosai, wanda aka saita shi ke fitowa raɗau har gashin gira. Wanda ya gota gaba ko baya sai ya koma dishi-dishi. Shi ya sa na jera malamai goma sha biyu a layi guda, kafaɗa da kafaɗa, shugaban a tsakiyarsu.

Ka san halin mutuminka, ba ya tsayawa daidai da kowa. Ina kallo ya yi taku biyu gaba, ya turo ciki. Da na tsuke bakin gilashin kaɗan, da ya fito. Yatsana na kan wurin, na ƙi murɗawa.

Kowa ya fito fes, shi kuwa kamar an shafe shi da tsumma. Taro ya watse, ba damar sakewa. Maigidana bai yarda kuskure ba ne, shi ya koya mini aikin. Ya karɓe kyamararsa ya sallame ni. Na yi kuka, amma ban yi nadama ba.

Ga hoto ɗaya nan cikin ambulan. Idan ka duba tsakiya ba ka gane kowa ba, kada ka wahalar da kanka goge tabarau, Baba. Idonka lafiya lau yake.

Taka har kullum,
Auta