Baba ya gajarta karatu

Jabo, daren Talata

Yau Baba ya ja mu sallar Isha'i da gajerun surori, kuma numfashi ya yanke masa a tsakiyar aya. Ina sahun farko, na ji siririn fiton nan a ƙirjinsa, wanda ban sake ji ba tun da aka yi masa tiyatar hanci a Sakkwato.

Ba zan musa amfanin aikin ba. Hancin da ya daɗe a toshe ya buɗe, asmar da ke damunsa ta lafa, har ya koma karanta dogayen surori. Sai dai likita ya faɗa a gabana cewa sauƙi za a samu, ba rabuwa da asma ba, kuma kada a ajiye maganin shaƙa.

Bayan sallama na tambaye shi ina maganin.

Ya ce, "Na ba Ardon rugar can sadaka, ɗiyarshi na fama. Kai ɗan boko, ni da nika jin ƙamshin miya tun daga zaure, mi zan yi da shi?"

Ban ja da shi ba, domin ban taɓa iyawa ba. Sai Tambuwal ake samun maganin, ga shi da sassafe za a fara sussukar gero a bayan ɗakinsa. Ina jiyo tarinsa ta katanga.