Ranar da Na Karya wa Kamalu Ƙafa

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Kemi ce ke rubuta mani, ɗiyar Iya Yetunde maƙwabciyarmu a nan Malumfashi. Ni Hansai ban san baƙi ba. Likita ya ce in riƙa fiddo abin da ke cikina, to ga shi.

Sun dawo da tsohon wasan barkwancin nan a talabijin, na wani manomi mai tumbi da matarsa. Ɗana Kamalu dariya har da hawaye. Ni ƙarya kaɗai nake gani. Matar na daka, turmin kuwa ba komai ciki. Kunnena ya san ƙarar turmi in da hatsi.

Alhamis, 9 ga wata

Akuyarsu baƙa ce shekaranjiya. Yau ja. Wai damina ake, ga harawa busassa bisa rufin ɗaki. Kamalu ya ce, "Inna, don Allah ki bar mu mu yi kallo."

Asabar, 11 ga wata

Yau ɓarayi suka shigo gonar mai tumbi. Ya kwaɗa wa ɗaya fartanya a ka, mutum ya faɗi, ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ruga. Sauran suka harbi mai tumbi, hularsa kaɗai ta tashi. Na ce ƙarya ne! Wanda ƙarfe ya sama a ka ba ya kakkaɓe riga. Shure-shure yake kamar kazar da aka yanka.

Na gani da idona. Bara a gonarmu ta ƙauye ɓarayin daji suka sare babban ɗana Aƙilu, ina kwance cikin dawa, bakina cike da ƙasa. Ban taɓa ba Kamalu labarin ba. Ya san dai an kashe shi.

Lahadi, 12 ga wata

Wai gobe Kamalu zai tafi ƙauye yankan dawa, shi da abokinsa Talha. Ya wasa adda. Na ce ba za ka ba. Ya ce, "To ƙasa za mu ci?" Har da zolaya, wai shi ma da fartanya zai kore su kamar mai tumbi.

Litinin, 13 ga wata

Rubuta yadda aka yi, Kemi, kar ki gyara.

Da hantsi ya fiddo babur, ya ɗaura buhuna. Na riƙe masa riga, ya ɓamɓare hannuna. Ya duƙa zai ɗaure igiya. Taɓarya na jingine a bango. Na ɗaga ta da hannu biyu na sauke masa a ƙauri. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya yi ƙara, ya kife, babur ya faɗo kansa. Iya Yetunde ta faɗo gidan ba ɗankwali, tana cewa, "Mama, kin haukace?" Na ce a kira mai ɗori.

Alhamis, 16 ga wata

Ba ya yi mani magana. Na kai tuwo, ya ture kwanon da gwiwar hannu.

Talata, 21 ga wata

Talha ya dawo lafiya lau, da buhu tara. Wai ko kare bai gani ba. Tamu dawar tana can, tsuntsaye na ci. Kamalu ya ji daga ɗaki. Ya jefo kofi, ya fashe a bango kusa da kaina.

Juma'a, 24 ga wata

An sa wasan, shi a kwance, ƙafa cikin karan ɗori. Ciwon mai tumbi ya tashi daga hannun hagu ya koma dama. Na gani, na kau da kai. Shi ne ya ce, bai ko dube ni ba, "Inna, ba hagu ba ne da?"

Na ce hagu ne.

Can ya rage murya ya ce, "Yaya Aƙilu, ya daɗe kafin ya cika?"

Na gaya masa. Duka, har sunan da Aƙilu ya yi ta kira, wato na Kamalu. Ya jawo zanena ya rufe fuska. Ni ban yi kuka ba, hayaƙin murhun Iya ne.

Kin ce ko na yi nadama? Sa a'a. Kai, dakata, kar ki sa komai tukuna. Na gaji, Kemi. Aje alƙalamin.