Ƙyallen Turare Zuwa Kafur

Funtua, 14 ga Afrilu

Zuwa ga matata Asma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, jiki yana ƙara ƙwari, ruwan zafin wanka bai gama da ke ba. Yaya yaron? Ki gaishe mini da Inna da Baba da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai gajiya da zafin nan da ya hana kowa sakat.

Na san za ki yi dariya, mutumin da ke yini a kan waya yau shi ne da biro da takarda kamar ɗan firamare. To, waya ba ta ɗaukar ƙamshi, shi ya sa. A cikin ambulan ɗin nan akwai ƙyalle uku da na yanka daga tsohuwar farar rigata, kowanne a ƙulle cikin ledarsa da lambarsa. Labo direba zai miƙo miki idan ya yi lodin Kafur.

Ga yadda abin yake. Kin tuna Alhaji Bature, dilan turaren Kano da nake saro kaya a wurinsa? Ya shigo da sabon turaren maza na wani kamfanin waje da aka sani da yin laita, irin ta kunna sigari. Wai su ma yanzu sun faɗa harkar ƙamshi. Kwalbar ma kamar laitar take, har da murfi mai yin ƙyat idan ka buɗe. Kala uku ne, baƙi da shuɗi da ja, kuma ba tsada, ɗan acaɓa ma zai iya saya ran Juma'a. Alhaji yana neman wakili ɗaya da zai riƙe Funtua da Malumfashi har Dandume. Ya aiko mini da kayan, ya aika wa Sadiq mai turare na bakin tasha, ya ce kowa ya yi bidiyon sharhinsa kafin ƙarshen wata, wanda ya fi gamsar da shi, shi zai ba.

Asma'u, ke kaɗai kika san halin da hancina yake ciki. Shekara shida ina goye da injin feshi a gonakin mutane, maganin ciyawa ya cinye shi. Yau shekara biyu ko albasa aka yanka ban sani ba sai idona ya kawo ruwa. Duk bidiyon da ake yabo ana cewa Mahadi mai hanci, hancinki ne, ni baki kawai nake sawa. Likita kuma ya gaya mini in na ƙara damina ɗaya ina feshi, ƙirjin ne zai bi. Idan na samu wakilcin nan na ajiye injin ke nan. In ban samu ba, ruwa na sauka zan ɗauka, don teburin turare kaɗai ba ya riƙe gida, kin fi kowa sani.

Na so in zo da kaina, amma suruki ba ya zarya a gidan jego kafin arba'in, kuma arba'in ɗinki sai wata ya shige. Wani kuwa ba zan iya tambaya ba. Funtua ce, in na ce wa mutum ɗaya ya shinshina mini da safe, kafin la'asar masu shayi sun ji.

Kowane ƙyalle na fesa masa kala ɗaya na turaren. Ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ki shinshina da safe, ki sake da azahar, ki sake da la'asar, ki rubuta yadda kika saba gaya mini. Kada ki kira a waya, Inna tana kusa da ke.

Ni ne mijinki,
Mahadi

Funtua, 21 ga Afrilu

Asma'u tawa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya ke da yaron, ya ƙoƙarin Inna? Allah ya saka mata da alheri. Labo ya kawo amsarki jiya, har yana tsokanata wai tsohon ango ya dawo da soyayyar wasiƙa. Na bar shi da dariyarsa.

Na karanta sau uku. Da farko kaina ya ɗaure, don kin ce duka ukun ƙamshin sandal da ɗan hayaƙi ne a samansu, na ɗaya da zaƙi a ƙasa, na biyu da ɗan tsami, na uku da yaji kamar kanumfari. Na ce to yaya kamfani zai yi turare uku su tashi kamar 'yan uku? Ina zaune a tebur ina juya kwalbar a hannu sai abin ya faɗo mini. Mutanen da sana'arsu wuta ce, ai dole turarensu ya yi ƙamshin itace da hayaƙi. Wallahi na ji daɗin kaina, na ce Sadiq ba zai taɓa hango wannan ba.

Abin da ba ya bukatar hanci kuwa na yi shi da kaina. Jan yana barin tabo a farar shadda, na gwada a hular Sallata, yanzu ba ni da hular Salla. Murfin baƙin yana kwancewa a aljihu, na hau babur zuwa Tsiga na dawo rabin kwalba ya tafi a wando. Shuɗin yana cizo in ka fesa bayan aski. Duk na faɗa a bidiyon, ban ɓoye ba, don Alhaji ya ce ba ya son yabon ƙarya.

Da safen nan na ɗauka, sau bakwai kafin ta yi, masu baro da masu kiran lodi ba su bar ni ba. Na ɗaga kwalba, na lumshe ido, na ja numfashi yadda nake yi, na ce jama'a ga turaren dattawa a farashin samari, ƙamshin itacen sandal da hayaƙi mai sanyi, wanda ya sa shi sai a ɗauka daga ɗakin amarya ya fito. Na ba baƙin takwas cikin goma, jan bakwai, shuɗin shida. Kafin azahar mutum dubu huɗu sun kalla, na sayar da kwalba tara.

Na gaji, Asma'u. Ba gajiyar jiki ba. Wannan lumshe idon da nake yi ina shaƙar iska, shi ke gajiyar da ni. Amma in Allah ya so an kusa. Ki ci abinci sosai, ki sha kunun kanwarki ko ba ya miki daɗi.

Naki,
Mahadi

Funtua, 25 ga Afrilu

Asma'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Me kika shinshina? Don Allah me kika shinshina? Sadiq ya saki nasa shekaranjiya. Ya ce shuɗin lemon tsami ne da na'ana'a, baƙin zaƙi ne kamar alawar madara, jan barkono ne da kanumfari, kuma dukansu ba sa wuce awa uku a zafin nan. Babu sandal, babu hayaƙi, ko kaɗan. Na ce ƙarya yake, sai waɗanda suka saya suka fara rubutu a ƙarƙashin bidiyona. Wani ya ce ko dai gobara aka yi a unguwarmu ranar. Wani ya ce Mahadi mura yake yi, a kai masa citta. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin tebur.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani malamin makaranta ne daga Tsiga, dattijo, kullum wurina yake saye. Ya dawo da baƙin, bai ɗaga murya ba, ya ce ya saya ne don Juma'a saboda na ce na dattawa ne, ya shiga sahu yana ƙamshin alawa, jikokinsa suna binsa suna shinshina. Ya miƙo mini kwalbar ya ce in ji da kaina. Na karɓa, na kai hanci, ban ji komai ba. Sai na ce wataƙila kamfani ne suka canza. Ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

Na tare Labo na yi masa tas, na ce ko ya ajiye ambulan kusa da salansa ne. Ya rantse a aljihun gabansa ya sa har ƙofar gidanku. Shekara biyu ba ki taɓa kuskure ba, sai yau da abin ya zo wuya? In jegon ne ya juya miki hanci, ai da sai ki faɗa mini. Alhaji ya kira, ya ce in same shi a shago ranar Alhamis. Muryarsa ba yabo ba fallasa.

Ki ba Labo amsa gobe.

Mahadi

Funtua, 3 ga Mayu

Zuwa ga Asma'u, uwar ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina fata ke da yaron da Inna da Baba kuna cikin ƙoshin lafiya. Kafin komai ki yafe mini wasiƙar da ta wuce. Na rubuta ta da zafin rai, na aika wa mai jego, ban kyauta ba.

Na ga bayaninki. Ashe kina banɗaki wurin wanka ambulan ya iso, Inna ta karɓa, ta ga fararen ƙyallaye ta ɗauka na goge wa yaro baki ne na aiko. Ta kwance ledojin, ta shanya su a kan kwandon turara kaya tare da rigunansa, ta zuba turaren wuta a kasko, don ba a shigar wa jariri da kayan waje sai an turara. Ta gama ta mayar da kowanne ledarsa tsaf, ba ta ga abin faɗa ba. Ke kuma ɗakin da kike kwana kike tashi duk hayaƙin ne, ina za ki bambance? Hancinki bai yi ƙarya ba, abin da ke jikin ƙyallen kika faɗa. Kada ki ce wa Inna komai. Jikanta ta kula da shi.

Na je Kano. Alhaji ya sa aka kawo mini ruwa, ya kori yaran shago, ya fesa turare a takarda uku ya ajiye a gabana, ya ce in nuna masa shuɗin. Zan iya canka, ɗaya cikin uku ne. Har na miƙa hannu, sai na ji ba zan iya ƙara lumshe idon nan ba. Na gaya masa komai, tun daga feshi har ƙyallen. Da na gama sai ya ce, "Mahadi, tabon shadda da murfin nan da ka gano, Sadiq bai gano ba. Amma mai saye zai miƙo maka kwalba ya ce ka ji. Me za ka ce masa?" Ya ba Sadiq wakilcin. Ya yi mini alkawarin ba wanda zai ji daga bakinsa, ya rako ni har bakin titi.

Ban ji haushinsa ba. Ko na Sadiq ban ji ba, abin ya ba ni mamaki. Gajiya ce kawai.

Jiya da hantsi aka yi ruwan farko. Duk 'yan kasuwa suka fito bakin rumfa suna cewa kai, ji ƙamshin ƙasa. Na ce musu ƙwarai kuwa. Kafin yamma mutum biyu sun aiko daga Dandume, masu masara, suna tambaya ko bana zan yi musu feshi. Na sauko da injin daga saman ɗaki, na wanke, na canza masa roba. Na sayi takunkumi mai kauri guda biyu, kada ki ce ban ji maganar likita ba. Litinin zan fara.

Babu ƙyalle a ambulan ɗin nan, amma ina da roƙo ɗaya. Ran suna da aka miƙo mini yaron a zaure, ƙanen Baba ya ce in sunkuya in ji ƙamshin jariri, wai ba turaren da ya kai shi kuma ba ya daɗewa. Na sunkuya na kai hancina kansa, na ce haka ne. Kafin ƙamshin ya bar jikinsa, ki ɗauke shi da safe tun Inna ba ta kunna kasko ba, ki shinshina, ki rubuto mini yadda kika saba. Wannan ba na bidiyo ba ne.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya kawo ku gida lafiya.

Ni ne mijinki,
Mahadi